Asaken da Na Sa Aka Zubar a Filin Jirgi

Ni ne mai laifi. Da wannan na fara don kada wani ya karanta rabi ya ajiye, ya tafi yana zaton tsohon ne ya yi wauta, kamar yadda na sa mutanen unguwarsa, Ƙofar Marusa a Katsina, suka yi zato har wata biyar.

Tsohon da nake nufi wanzamin gidanmu ne. Ubansa ya yi wa ubana aski har ya mutu, shi kuma ya gaji zabira, ya gaji gidanmu tare da ita. Yana saurayi ya yi mini askin suna, ubansa na zaune yana kallon hannunsa. Shi ya yi mini kaciya. Shi ya aske kan 'ya'yana duka ranar sunansu. Baba muke ce masa. Ko da na tashi daga cikin gari na koma GRA bai fasa zuwa ba. Duk Juma'a da hantsi sai ka ji ƙarar tsohon kekensa a bakin ƙofa, maigadi ya buɗe masa, ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya yana jirana. Ba ya ce mini Alhaji sai in da baƙi. In mu biyu ne, yakan danna kaina ƙasa da babban yatsa ya ce in daina motsi, shi ya san kukana tun ban san sunana ba. Ina dariya, amma a raina ba na so. Da ba don mahaifiyata tana raye ba, da tuni na sallame shi na koma shagon aski mai na'urar sanyi, inda ake ce mini ranka ya daɗe ana fesa mini turare.

Ya kamata in faɗi ko ni wane ne a lokacin. Ɗan kwangila ne ni, mai kawo kayan gini. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, kuma wannan giɓin na daɗe ina neman abin da zan cike shi. Da jirgin sama na cike shi. Tun ranar da na fara shiga jirgi kaina ya kumbura. Ba na iya yin magana ta minti biyar ban sako Abuja ko Legas ba. Na raina masu tafiya a mota. A filin jirgi kuma na raina kusan kowa: mai buhun gana-mas-go da aka ɗaure da igiya, mai tambayar ina ne bayan gida, mai ɗaukar hoton fiffike ta taga, mai ɗaga murya da addu'a in jirgi zai tashi, alhali ni ma ina yin addu'ar a ciki, gumi na bin bayana. Babban abin alfaharina shi ne ba na auna kaya. Ƙaramar jaka mai taya kawai nake ja. In an sauka, in wuce ta gaban waɗanda suka yi cirko-cirko suna jiran akwatunansu, ina kallonsu kamar masu layin karɓar sadaka. Wannan shi ne iyakar ilimina na jirgi, kuma da shi nake ji kamar na yi digiri.

Ɗana na fari yana aiki a Abuja. Matarsa ta haifi namiji, jikana na farko. Mahaifiyata, Hajiya, gwiwoyinta ba sa barinta tafiya, amma bakinta lafiya lau yake. Ta kira ni ta ce ba wanda zai taɓa kan yaron nan ranar suna sai Baba, kuma da askar da aka aske ubansa da kakansa. Na ce mata Abuja cike take da masu aski, kuma yanzu zamani ya sake. Ta ce ni ma da askar aka aske ni, ga ni ban mutu ba, sai dai girman kai da ya fito mini daga baya, shi kuwa ba laifin aska ba ne. Ba a musu da Hajiya. Na sa aka yanka tikiti biyu.

Asaken Baba uku ne. Biyu na manya, ɗaya ƙarama wadda ba ya taɓa kan kowa da ita sai jariri. Wani maƙeri ne ya ƙera wa kakansa ita. Wasi ya cinye ta har ta zama siririya kamar ganyen albasa, ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannun mutum uku. In za a yi suna, tun jajibere yake dafa ta a ruwan zafi, ya goge, ya naɗe ta a farin ƙyalle ita kaɗai. Na ga wannan sau shida a gidana. Ba zan ce ban san darajarta ba. Na sani.

Ana gobe za mu tafi ya zo gidana da la'asar, ya ɗauro wata ƙaramar akwatin kwano a bayan keke, duk fentinta ya kankare, an zagaye ta da igiyar rama. Bayan mun gaisa, ya tambayi gida da iyali da mai jego da jinjiri, sai ya ce yana da tambaya. Wani maƙwabcinsa da ya je aikin Hajji ya gaya masa ba a barin mutum ya shiga jirgi da abu mai kaifi a hannu, sai dai ya sa a akwatin da ake karɓa a auna. Shi ya sa ya kawo wannan, in duba in ta yi, ya sa zabirar a ciki.

Na dubi akwatin. Na hango kaina a Abuja tsaye cikin masu jiran kaya, wannan gwangwanin yana zagayowa a kan bel, ni kuma in miƙa hannu in ɗauka a gaban jama'a. Na ce masa maƙwabcin nasa sau nawa ya taɓa shiga jirgi? Sau ɗaya, shi ma a garke, kamar tumaki. Ni kuwa filin jirgin nan kamar zauren gidana yake. Ya mayar da akwatinsa gida, ya rataya zabirarsa yadda ya saba.

Ya sake tambaya, a hankali, ko na tabbata. Sai na ce masa:

"Kana tare da ni, Baba. Ba wanda zai taɓa maka kaya."

Gaskiyar ita ce ban taɓa shiga jirgi da wani abu mai kaifi ba, ban san dokar ba, kuma ban taɓa tsayawa na karanta allon da ke manne a ƙofar shiga ba, wanda aka zana almakashi da wuƙa da reza a kansa don irina da ba su yi nisa a karatu ba.

Da safe direba ya sauke mu, na sallame shi tun a bakin ƙofa. Baba ya sha farar riga da ya ajiye don Idi, zabira a kafaɗa, yana bina a baya yana gaida duk wanda muka haɗa ido da shi, har da mai shara. Na yi ta sauri don kada a ɗauka tare muke. A wurin karɓar tikiti aka tambaya ko muna da kayan aunawa. Na ce babu, ban ko waiwaya ba.

A layin bincike sai ga wani babban mutum a bayanmu, wanda na yi wata da watanni ina zarya a ofishinsa ina neman aiki. Na rusuna na gaishe shi, ya amsa da fara'a, har ya ce ashe tare za mu. Raina ya yi fari. Na ɗora jakata a kan na'ura ta wuce. Baba ya cire zabira da hannu biyu ya ɗora, yana binta da kallo har ta shige.

Na'urar ta tsaya. Ma'aikaciyar da ke wurin, wata matashiya mai natsuwa, ta jawo zabirar gefe ta tambayi mai ita. Ta gaishe shi tana ce masa Baba, ta nemi izini kafin ta buɗe. Ta fito da ƙaho, da dutsen wasi, da sabulu, sannan asake biyu, sannan farin ƙyallen. Ta warware. Ta ce masa ta san aikinsa ne, kakanta ma wanzami ne, amma waɗannan ba za su shiga cikin jirgi a hannu ba. Ta ce akwai sauran lokaci. Mu koma wurin tikiti a sa zabirar a leda ko kwali a auna, za mu same ta a Abuja. In kuwa ba mu so, mu kira wanda ya kawo mu ya mayar da su gida.

Hanya biyu ta ba mu, ta farkon ba ta fi tafiyar taku talatin ba. Ina so a riƙe wannan.

Ni kuwa abin da na fara yi shi ne tambayarta ko ta san ni. Ta ce tana ganina, amma doka ɗaya ce. Na ce ta kira mini shugabanta. Shugaban ya zo, ya faɗi abin da ta faɗa, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Layi ya tsaya. Wani a baya ya yi tsaki. Na waiga na ga babban mutumin nan yana duba agogo, yana ɗan murmushi. Ban san abin da murmushin yake nufi ba, wataƙila ba ya nufin komai. Amma ni na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa: ga mai cewa filin jirgi zaurensa ne, yarinya ta tsayar da shi a kan kayan wanzanci.

Sai na juya kan wanda ba zai rama ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce:

"Ban ce maka ka bar tarkacen nan a gida ba? Kai ba a gaya maka magana ka ji?"

Ya dube ni. Kallon bai daɗe ba, kuma babu fushi a ciki. Irin kallon da yake yi wa kai ne kafin ya sa aska, yana neman inda ƙurji yake.

Ma'aikaciyar ta sake cewa a koma a auna, ita da kanta za ta riƙe mana wuri. Na ce ba ni da lokacin komawa layi saboda tsofaffin ƙarafa, kuma ba zan dawo da direba daga cikin gari a kansu ba. Su zubar. In mun isa Abuja zan saya masa waɗanda suka fi su. Ta dubi Baba, don kayansa ne, ba nawa ba. Da ya ce a'a, da ta tsaya masa. Amma tikitinsa yana hannuna, bai san ƙofar da zai bi ba, bai taɓa musa wa ɗan gidanmu a gaban mutane ba, kuma akwai jariri da ke jiransa gobe da safe. Ya ce mata ba komai, ɗiyata. Ya ɗauki manyan biyu ya sa a akwatin da ake tara abin da aka hana, cikin almakasai da ƙananan wuƙaƙe. Ƙaramar kuwa sai da ya mayar da ita cikin ƙyallenta, ya naɗe da kyau kamar yadda ya saba, sannan ya ajiye ta a hankali a kan sauran.

A cikin jirgi na ɗaura masa bel da fizga. Bai taɓa tashi sama ba, amma bai leƙa taga ba ko sau ɗaya. Ya rungume zabirar a cinya har muka sauka. Ni kuwa na sami damar gaisawa da babban mutumin sau biyu. Aikin da nake nema bai ba ni ba, in akwai mai son sani.

Ranar suna ɗana ya sayo reza sabuwa a kanti. Baba ya karya ta biyu, ya riƙe rabi tsakanin yatsu, ya yi bismilla. Aikin da yakan gama kafin shayi ya huce ya ɗauke shi kusan awa, don hannunsa bai saba da abu marar ƙota ba. Bai yi wa yaron ko ƙwarzane ba. Mata suna ta yaba masa. Da ɗana ya tambayi ina askar gida, na riga shi amsawa, na ce an sami 'yar matsala a filin jirgi, ka san tsofaffi.

Da muka dawo na ce masa zan aika a karɓo. Sai da aka yi sati uku na tuna, shi ma don direba ya tambaya. Ya je ya dawo ya ce an riga an kwashe akwatin, haka ake yi in abu ya daɗe ba a zo nema ba. Na ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, na ci gaba da cin abincina.

Da a nan na tsaya, da laifin ya isa. Amma labarin ya yi mini daɗi a baki. Na ba da shi a majalisa, na ba da shi a ofis, na ba da shi a wurin ɗaurin aure. Kowane bayarwa yana ƙara ƙiba. Asake uku suka zama bakwai. Na'ura ta yi kuka, sojoji suka zagaye mu, ni na cece shi da ƙyar. Nakan kwaikwayi yadda yake gaida mai shara, a yi ta dariya har da masu share hawaye. Kuma kullum da jimla ɗaya nake rufewa: na gaya masa, bai ji ba. Irin mutanen da nake zama da su ba sa tambayar gaskiyar labari in dai mai kuɗi ne ya ba da shi. Daga bakinsu ya gangara cikin gari, har aka laƙaba masa suna. In ya wuce a keke sai a ce ga mai fashin jirgi nan.

Bai fasa zuwa ranar Juma'a ba. Da reza yake yi mini aski yanzu. Abin da ya sake shi ne bakinsa. Ya daina danna kaina da yatsa, ya daina zancen kukana. Sai ranka ya daɗe, Alhaji, a ɗan sunkuya. Allah ya ƙara girma, Alhaji, an gama. Abin da na daɗe ina so ke nan, a girmama ni. Da na samu sai na ji kamar ana aske ni da ruwan sanyi. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Wata rana aka yi suna a gidan wani abokina a Ƙofar Ƙwaya. Bayan an shafa fatiha muna zaune a tabarmi ana cin waina, wani ya ce in ba su labarin jirgi, akwai waɗanda ba su ji ba. Na gyara zama na bayar, da duk ƙarin gishirinsa. Ban lura ba ashe Baba ne wanzamin gidan, yana zaune a bakin zaure bayana, yana jiran a fito masa da jariri. Wani dattijo ya hango shi ya ce a'a, ga mai abin nan ma, Sarkin Aska, wai haka aka yi?

Kowa ya juya yana kallonsa. Magana ɗaya zai yi in zama abin nuni a Katsina, kuma da ya yi, za a yarda da shi, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Sai ya ce:

"Haka aka yi. Alhaji ya faɗa mani, tsufa ne ya sa ban riƙe ba."

Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi 'yar dariya, ya tashi ya shiga ciki, don an kira shi. Mutumin da ya haura saba'in bai yi ƙarya ba, ya yi ta farko a gabana don ya rufa mini asiri, a kan ƙaryar da na yi masa.

Zan so in ce daga nan na bi shi. Ban bi shi ba. Abin da na yi shi ne abin da irina suka iya: na sayi injin aski mai caji, da jerin asake na waje cikin akwati mai kyau, na ba direba ya kai masa. Direba ya dawo da godiya mai tsawo da addu'a. Juma'a ta zagayo, Baba ya zo, ya buɗe zabira, ya fito da rabin reza. Ina sunkuye a ƙarƙashin hannunsa na gane cewa kyautar tawa wani rainin ne. Na aika masa da kaya don kada in kai masa fuskata. Har sati biyu bayan wannan ina lissafin yadda zan ba shi haƙuri a gindin darbejiyata, mu biyu, inda ba mai ji. Amma ba a gindin darbejiya na ci mutuncinsa ba.

Ran wata Talata bayan la'asar na je Ƙofar Marusa. Na bar mota nesa na taka. Yana da rumfa a ƙofar gidansa inda dattawan unguwa suke zama, ranar kuwa sun kai goma, har da maƙwabcin nan da na ce ya shiga jirgi kamar tunkiya. Baba yana yi wa wani gyaran gemu. Suka fara yunƙurin ba ni kujera, ana Alhaji ne da kansa, sannu da zuwa. Na ce su bar ta. Na cire takalmi, na durƙusa a ƙasa gaban buzunsa. Gwiwoyina suka yi ƙara, don sun manta yadda ake yi. Ya tsayar da hannu, reza na tsakanin yatsunsa. Na ce:

"Baba, na zo ne a gaban mutanen nan don a gabansu na ɓata ka. Ku ji, jama'a. Labarin jirgin nan ƙarya nake yi. Ya zo gidana da akwati ya tambaye ni har sau biyu, ni na hana shi, don ina jin kunyar a gan ni da akwatinsa. A filin jirgi an ba mu hanyar da za a tsira da asaken, ni na ƙi, don kada in koma layi. Ban taɓa ce masa ya bar su a gida ba. Abin da ya faɗa a Ƙofar Ƙwaya ma rufa mini asiri ya yi. Askar kakanka ba zan iya dawo maka da ita ba, Baba, kuma babu abin da zan saya ya zama ita. Na zalunce ka, na yi maka ƙarya, na mayar da kai abin dariya. Don Allah ka yafe mini."